Injin Iskar da Muka Ɗauko Haya

Ɗalibai talatin da ɗaya ne a ajin ƙarshe a shekarar da zan ba ku labari. Malamai shida, har da ni. Idan kwamitin tantancewa ya zo ya ce kwas ɗinmu bai cika sharaɗi ba, takardar da za mu ba yaran nan ba za ta fi ta ƙunshe ƙosai daraja ba. Ba za a kira su bautar ƙasa ba, ba kamfanin da zai dube su, ga shi iyayensu sun riga sun biya kuɗin shekara biyar. Ni ina da shago a Gudu da zan koma. Su ba su da inda za su koma.

Na fara da wannan ne saboda ku da kuke shigowa ofishina yanzu kuna cewa kuna son ilimin iska, don kun ga hoton jirgin sama da ja da shuɗi suna zagaye fiffikensa. A ganinku aikin ke nan: ka danna, kwamfuta ta yi fenti, a kira ka Dakta. To ku gyara zama.

Ni ba ta jirgin sama na shigo sana'ar nan ba, ta fanka na shigo. Na gama babbar difloma a aikin injiniya, na yi ta yawo da takardu a ambulan har ambulan ɗin ya yi laushi, sai na bar Funtua na biyo kawuna Abuja. Lokacin sojoji sun koma bariki, gari yana tashi, duk inda ka juya ana ɗora bene a kan bene. Na fara da tebur ina sayar da fankar lagireto ta tsofaffin motoci. Daga nan na kama shago, na ƙara da fankar sama, da ta gidan kaji, da ta gidan burodi. Sunana ya ɓace a kasuwa, sai Habu Fanka.

Wata rana wani tsoho siriri ya shigo da sanda a hannu, an ɗaura mata zare a baki. Ya ce in kunna masa fanka. Na kunna, ya miƙa sandar gabanta yana kallon yadda zaren ke rawa, ya ce in kunna wata. Haka ya yi ta zuwa, bai taɓa sayen ko kusa ba. Da abin ya ishe ni na ce masa, Baba, in saye ne ka saya, in wasa ne batirina ke ƙarewa. Maimakon ya ji haushi sai ya tambaye ni dalilin da ya sa fiffiken fanka ya fi murɗewa a gindi, ya miƙe a baki. Na kwaso abin da ya rage mini na makaranta na ba shi amsa. Ya ce rabi daidai ne, kuma rabin ya fi abin da ya samu a wajen masu neman aiki duk watan nan. Farfesa Tanimu ke nan. Ya yi ritaya a Zariya, wata sabuwar jami'a mai zaman kanta da ke gaba da Tungan Maje ta ɗauko shi ya kafa mata sashen injiniyan jiragen sama, yana neman mai kula da ɗakin gwaji. Albashin da ya faɗa ba abin faɗa ba ne, amma na karɓa, don na yi lissafi sabuwar jami'a tana buƙatar fanka a kowane aji. Kwangilar kuwa na same ta. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne aikin zai riƙe ni.

Aikin farko da ya ba ni shi ne riƙe sandar nan. Gaban fanka, bayan mota, kusurwar gini, bakin taga. In na dawo sai in zana masa inda zaren ya kwanta luf da inda ya rikice. Ya ce iska ba a ganinta, saboda haka duk sana'ar nan neman shaidu ce: zare shaida ne, hayaƙi shaida ne, ruwa a cikin lanƙwasasshen tiyo shaida ne. Kwamfuta ita ce shaidar ƙarshe, ta fi duka iya magana, ta kuma fi duka iya ƙarya ba tare da ta ƙifta ido ba. Sai da ya ga hannuna ya faɗa, sannan ya tura ni karatu. Na yi digiri na biyu ina sayar da fanka a waya, na yi na uku furfura ta fara fito mini. Ranar da aka sa mini hula 'yan kasuwa suka cika mota suka zo, tun daga ranar kuma na zama Dakta Fanka, har a bakin ɗalibai, in sun ɗauka ba na ji.

Bari in gaya muku abin da ke bayan launukan nan. Za ka ɗauki iskar da ke kewaye da fiffike ka yayyanka ta ƙananan akwatuna, dubbai a kan dubbai. Raga muke ce wa wannan. Sai kwamfuta ta bi akwati ɗaya-ɗaya tana tambaya nawa ta shigo, nawa ta fita, da wane ƙarfi. Amsar wannan ta taɓa ta maƙwabcinsa, sai a sake zagayowa, a sake, kamar rabon gado a babban gida, har sai kowa ya yi shiru. Kwamfutocinmu na lokacin tsofaffi ne da muka jona su da juna, lissafi ɗaya sai ya ci makonni. Kuma duk abin da ka ba ta karɓa take yi. Wani ɗalibina ya zana fiffike da milimita, ya shigar da shi a matsayin mita, ya yi wata guda yana gwada fiffiken da ya fi filin ƙwallo uku tsawo. Hoton ya fito gwanin kyau. Har ya sa shi a fuskar wayarsa.

Akwai aikin wani Alhaji mai rukunin gidaje a Durumi, wanda duk farkon damina guguwa ke kwashe masa kwano ta ajiye wa maƙwabta. Ya zo yana so a ƙara masa kauri, don a ganinsa iska danna rufi take yi. Na nuna masa ba dannawa take ba, tsotsa take daga sama, musamman a kusurwa da bakin rufi, kuma maganin shi ne ƙusa da ɗaurin katako a wuraren, ba kauri ba. Na buga masa hoton, wuraren haɗari sun fito jajur. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce aiki ya yi kyau, amma a mayar masa da jan nan kore, don zai liƙa a ofis kuma ja yana tsorata masu saye. Na ce kore zai samu in ya buga ƙusoshin. Ya buga rabi. Damina ta gaba rabin gidajen suka tsira, ya dawo da kansa da buhun ƙusa.

Babban kayan aikin sashe irin namu shi ne bututun gwajin iska, wanda muke ce wa tanel: dogon akwati ne, fanka tana jan iska ta cikinsa, a sa ƙaramin fiffike a tsakiya a kalli abin da iska ke yi masa ta gilashi. Jami'a ba ta saya mana ba. Ni da Farfesa Tanimu muka haɗa namu da katako da gilashin roba. A bakinsa muka manne sitiron shan lemo, tuli guda, don su miƙar da iska, muka bi da ragar taga. A ƙarshensa fankokin lagireto biyu na babbar mota daga shagona, masu aiki da batiri. Injin hayaƙi kuwa kowace shekara yana cikin kasafi, bai taɓa isowa ba, sai muka koma turaren wuta. Duk ranar gwaji ɗakin sai ya ɗauki ƙamshi, malaman sashen lissafi su riƙa leƙowa suna tambayar wa aka kawo wa amarya.

Sai muguwar shekara ta zo. Idon Farfesa Tanimu ya yi rauni, ya koma Zariya. Takardar kwamitin tantancewa ta iso, cikin kayan da dole a gani har da tanel na kamfani. Kuɗin da aka ware masa kuwa ya riga ya tafi ginin ƙofar shiga jami'a, mai famfon da ke fesa ruwa sama. Na je wajen magatakarda, Mista Bulus, mutum mai fara'a wanda bai taɓa ganin matsalar da ba ta da ɗan kwangila ba. Ya ce in kwantar da hankalina, akwai Alhaji Mamuda.

Ku da ba ku sani ba, a shekarun nan da jami'o'i ke tsirowa ko'ina akwai masu ba da hayar kayan tantancewa, kamar yadda ake ba da hayar rumfa da kujeru ranar biki. Littattafan laburare, na'urorin ɗakin gwaji, har farfesa ana samu na kwana biyu. Namu na aro da aka kawo, ni na nuna masa ofishin da ya kamata a ce ya shekara uku a cikinsa. Kaya sukan iso kafin kwamiti, a goge, a rubuta musu lambar makaranta da fenti, kwamiti na juya baya a loda su a mota.

Tanel ɗin Alhaji Mamuda ya iso ana jibi kwamiti zai zo. Shuɗi, yana sheƙi, ga maɓallai ga agoguna. Amma da na ga leburori huɗu sun sauke ɓangaren fankar cikin sauƙi, ɗayansu ma yana amsa waya da hannu ɗaya, sai gabana ya faɗi. Na yi shekara da shekaru ina ɗaga fanka, na san nauyin mota, wato na'urar da ke juya fanka irin wannan. Na kwance murfin. Babu komai a ciki sai gidan zanzaro. Na kira Alhaji, bai ko yi inda-inda ba. Ya ce motar tana injin niƙansa a Zuba tun bara, don injin ya zaga makarantu da yawa ba wanda ya taɓa cewa a kunna.

"Na gani kuka biya, Dakta," in ji shi. "Na kunnawa farashinsa daban."

A matsayina na ɗan kasuwa ban ga inda zan kama shi ba.

Na koma wa Mista Bulus da labari. Ya yi ɗan tunani, sai fuskarsa ta washe. Ya ce abu mai sauƙi: kwamiti na sa ƙafa a ɗakin gwaji a kashe janareta, a ce an ɗauke wuta, a ƙasar nan wa ya taɓa mamakin wannan? Na ce masa a ɗaki na kusa kwamfutocinmu suna tsakiyar lissafin Rifkatu, ɗalibar da ta fi kowa a ajin ƙarshe. Makonni ke nan yana tafiya, shi ne kuma abin gaske guda ɗaya da za mu nuna. Ya ce ya ji, layin ɗakin gwaji kaɗai za a cire. Sannan ya sa aka fitar da tanel ɗinmu na katako bayan gini aka lulluɓe da tamfol, wai kada ya ba mu kunya a gaban baƙi.

Shugabar kwamitin Farfesa Saratu ce, tsohuwa 'yar ƙarama daga Filato, takalmi shafaffe, tabarau rataye a wuya. Ba ta da yawan magana. Ta duba laburare, ta buɗe littafi ɗaya ta shinshina ta mayar. Ta gaisa da farfesanmu na aro ta tambaye shi yaushe ya baro wajen aikinsa na can, shi kuma ya kama tari. Muka nufi ɗakin gwaji. Muna shiga na ga Mista Bulus ya sa hannu a aljihu ya yi wa mai janareta filashin. Shi kuwa mai janareta abin da ya riƙe a cikin bayanin duka shi ne kalmar kashewa. Jami'a gaba ɗaya ta yi tsit. Famfon ƙofa ya tsaya. Ta bango na ji kwamfutocinmu sun yi ɗan kukansu na ƙarshe sun mutu.

Mista Bulus ya tafa hannu, ya fara jawabi a kan halin da ƙasa ke ciki. Farfesa Saratu ba ta ko dube shi ba. Ta zagaya injin a hankali, ta shafa gefensa, ta duba yatsanta da ya kwaso ɗanyen fenti, sannan ta ɗan bubbuga shi.

"Sannu da hanya," ta ce wa injin. "Ka riga mu isowa."

Ta juyo ta gaya mana makon jiya ta gan shi a wata makaranta, da wata lambar a jikinsa, kuma a can ma suna shiga aka ɗauke wuta. Sauran 'yan kwamitin suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Ta tambaya ko akwai lissafin kwamfuta da za a nuna mata. Na ce akwai, har zuwa minti biyu da suka wuce. Ta zaro biro.

"To Dakta, me zan rubuta? Sashen iska ne, ban ga iska ba."

A kasuwa na koyi cewa in mai saye ya kama ka da jabu, kada ka tsaya rantsuwa, ka fito da na gaske tun bai kai bakin ƙofa ba. Na ce, "Ranki ya daɗe, na gaban shago kika gani. Akwai na cikin sito, sai dai ba shi da kyan fuska."

Muka zaga bayan gini, Mista Bulus yana jan rigata yana raɗa mini cewa zan kashe mu duka. Na yaye tamfol. Na buɗe motata na ciro batiri. Rifkatu, wadda idonta ya yi ja saboda lissafinta, ta ruga wajen mai abinci ta samo garwashi, muka zuba turare. Fankoki suka ɗauka. Hayaƙi ya shiga ta sitiro ya fito layi-layi, ya kwanta a bayan fiffiken kamar an shafa shi da hannu. Farfesa ta sa tabarau ta ce wa Rifkatu ta ɗaga hancin fiffiken a hankali. Ta ɗaga, ta ƙara, ta ƙara, sai hayaƙin ya saki bayan fiffiken ya hargitse. Wannan shi ne lokacin da fiffike ke daina ɗaukar jirgi, duk karatunmu a kansa yake.

Ta tambayi Rifkatu a wane mataki kwamfuta ta ce hakan zai faru. Ta faɗa. Ta ce to ga shi hayaƙi ya saki tun kafin nan, wa ke ƙarya? Rifkatu ta ce duka biyun suna da laifi: fiffiken katako ne, bai yi santsi ba, bangon akwatin ya matse shi, ragarta kuma ba ta yi ƙanƙanta sosai a hancin fiffiken ba, gyaran da take yi ke nan aka kashe wuta. Farfesa ta kira wasu ɗaliban biyu da ta zaɓa da kanta daga baya, ta sa su maimaita, ta yi musu tambayoyi har gumi ya keto musu. Suka amsa, ba duka ba, amma suka amsa.

Daga nan ta juyo kaina. Ta tsinko zare daga bakin zanenta ta bi mahaɗar katakon da shi, ta nuna mini wurare biyu da iska ke satar shiga. Ta kasa kunne ta ce fankokina ba gudu ɗaya suke ba, ta hagu ta gaji. Shekaru ina aiki da akwatin nan, ni mai sayar da fanka, ban ji ba sai da ta faɗa.

Duk da haka na taya da tsada, don wanda bai taya ba ba ya samu. Na ce tunda ta ga yara sun san aiki, a ba mu cikakkiyar amincewa.

"Cikakkiya? Da sitiron shan lemo?" ta ce. "Dakta, ni ma 'yar kasuwa ce ta haife ni."

Ta ce ta wucin gadi za ta ba da shawara a ba mu, ta shekara biyu. Na ce ita ta wucin gadin, ta haɗa da waɗannan talatin da ɗayan? Ta ce ta haɗa. Na ce a rubuta haka baƙi da fari a gabana. Ta dube ni ta saman tabarau, ta rubuta, ta juyo mini da takardar na karanta. Sharaɗinta shi ne in ta dawo ta tarar da tanel na kamfani mai mota a ciki, kuma da hannunta za ta kunna. Zancen injin haya kuma ta ce zai shiga rahoto yadda ta gan shi. Mista Bulus ya bi ta har mota yana Ma, Ma, ba ta rage ko harafi ba.

Muna raka su bakin ƙofa sai ga motar Alhaji Mamuda ta fito ta bayanmu, shuɗin injin a ɗaure a baya, direban yana ta hon don yana da wata makarantar da zai kai kafin gobe. Farfesa ta sauke gilashi ta yafito shi. Ta ce ya bi a hankali kada ya kifar da kayan mutane, su za su tsaya cin abinci a hanya, zai riga su.

Ga yadda lissafin ya tashi. Wutar ta ɗauke ne daidai lokacin da kwamfuta ke ajiye aikin Rifkatu, komai ya lalace, ta sake daga farko, ta miƙa ana gobe za a rufe karɓa. Mista Bulus aka mayar da shi kula da motocin jami'a. Mai jami'a ya karanta rahoto, ya yi faɗa na mako guda, sannan ya sayi tanel na gaske, ya kuma hukunta ni da kujerar shugaban sashe. Shekara shida na yi ina zaman mitin da sa hannu a takardar hutu, binciken da na fara a kan rufin kwano yana nan a rabi har yau, kwangilar fankar ajujuwa kuma aka ba wani, wai shugaba ba ya kwangila. A ɗaya gefen, yara talatin da ɗaya suka sa kakin bautar ƙasa, ba a bar ko ɗaya ba. Na daɗe ina ciniki, ban taɓa sakin kaya da yawa haka a zama ɗaya ba, kuma in aka sake kawo mini shi a wannan farashin, zan saya.